Songs for Christmas na Sufjan Stevens: Faifai Biyar a Akwati Ɗaya, da Yadda Ya Kamata a Saurare Su

A watan Nuwamba na 2006 ne kamfanin Asthmatic Kitty ya fitar da "Songs for Christmas", kundin waƙoƙin Kirsimeti na Sufjan Stevens, mawaƙin Amurka ɗan jihar Michigan wanda yake rubuta waƙoƙinsa da kansa, yake kuma kaɗa yawancin kayan kiɗan da ake ji a cikinsu. Kundin ya ƙunshi ƙananan faifai biyar, waƙoƙi 42, kuma sauraronsa daga farko zuwa ƙarshe yana cin awa biyu da 'yan mintuna. Duk wanda ya kunna shi a zama ɗaya, kamar yadda ake yi wa sauran kundaye, zai gaji tun kafin ya kai ga mafi kyawun abin da ke ciki. Dalilin hakan yana cikin yadda aka haɗa shi.

Tun asali ba don kasuwa aka yi waɗannan faifan ba. Stevens yakan naɗi 'yan waƙoƙi a ƙarshen shekara ya raba wa dangi da abokai a matsayin kyautar Kirsimeti. "Noel" na 2001 ne, mai waƙoƙi 7. "Hark!" na 2002, mai 9. "Ding! Dong!" na 2003, mai 8. Babu na 2004, domin a lokacin yana kan aikin kundinsa na "Illinois". "Joy" ya zo a 2005 da waƙoƙi 7, sai "Peace" a 2006 da 11. Saboda haka mai saye yana samun aikin da ya ratsa shekara shida, kuma kunnensa zai shaida yadda mutum ɗaya ya tashi daga naɗar sauti a ɗaki da banjo da jita zuwa jagorantar ƙahoni da goge da tarin muryoyi.

Faifan farko shi ne mafi ƙanƙanta, bai kai minti ashirin ba. "Silent Night", waƙar da Joseph Mohr ya rubuta, Franz Gruber ya sa mata kiɗa aka fara rera ta a Ostiriya a 1818, an taɓa ta ne da jita kawai, babu murya, ta ƙare kafin minti ɗaya. Abin da ya riƙe faifan shi ne "O Come O Come Emmanuel" da "Amazing Grace", inda banjo ke tafiya a hankali ƙarƙashin murya mai sanyi. Banjo kayan kiɗa ne mai tsirkiya da zagayayyen jiki da aka rufe da fata ko roba, sautinsa yana fita da kaifi ya mutu da wuri. Wannan ɗabi'a tasa ita ce ta sa tsofaffin waƙoƙin coci, waɗanda aka saba ji da ogan, babban kayan kiɗan majami'a mai jan sauti, suka koma kamar addu'ar mutum ɗaya a ɗakinsa. Naɗin yana da ɗan kura: ana jin shan numfashi da motsin yatsu a kan tsirkiya, wani lokaci muryoyin 'yan amshi ba sa faɗawa tare. Mai neman sauti goge tas irin na manyan situdiyo ba zai same shi a nan ba.

A faifai na biyu ne aikin ya fara tsayawa da ƙafarsa. "Come Thou Fount of Every Blessing", wadda Robert Robinson ya rubuta a Ingila a 1758, ba ma waƙar Kirsimeti ba ce a asali, amma a ganina ita ce mafi kyawun tsohuwar waƙa a cikin akwatin duka. Dabarar mai sauƙi ce. Baiti na farko murya ce da banjo. Daga nan kowane baiti yana ƙara abu guda, piyano ko wata murya, ba tare da an ƙara sauri ko ɗaga murya ba, har waƙar ta cika ba a san lokacin da ta cika ba. Masu tsara kiɗa da yawa suna kuskure a irin wannan wuri, su zuba komai tun a baiti na biyu, sai na ƙarshe ya rasa abin da zai kawo. A wannan faifan kuma akwai "Put the Lights on the Tree", gajeriyar waƙarsa ta kansa da ke cewa a kira kaka ta waya, idan tana zaune ita kaɗai.

Wannan zancen kaɗaici shi ne abin da ya raba kundin da yawancin faifan biki. Fiye da waƙoƙi 15 a ciki Stevens ne ya ƙirƙire su, kuma mafi ƙarfinsu suna magana ne kan abin da ake ɓoyewa a lokacin Kirsimeti. "That Was the Worst Christmas Ever!" a faifai na uku tana ba da labarin yara da suka fita wasa a dusar ƙanƙara, suka dawo gidan da uba yake ta faɗa har ya jefa kyaututtuka a murhun itace, 'yar'uwa ta kwashi littattafanta ta fice. Ba a ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Banjo yana maimaita 'yan sautuka kaɗan, muryar mace tana bin ta namiji a sama, kuma rashin hayaniyar ne ke sa labarin ya yi nauyi. A faifai ɗaya da ita akwai "Come On! Let's Boogey to the Elf Dance!", waƙar murna mai muryoyi suna hawa kan juna, wadda yara za su iya bi. Ajiye su kusa da juna daidai ne, domin haka bikin yake a gidaje da yawa.

"Joy" shi ne faifan da za a iya wucewa da sauri. "The Little Drummer Boy" da "Away in a Manger" an yi su da tsabta, amma ba su ƙara wani abu a kan abin da faifai biyu na farko suka riga suka nuna ba. Abin tsayawa a kai shi ne "Did I Make You Cry on Christmas Day? (Well, You Deserved It!)", kan saɓani tsakanin mutum biyu da suka gaji da juna, da kuma "Hey Guys! It's Christmas Time!" inda jitar lantarki ke shigowa da ƙarfi. Wanda ya ƙara sautin lasifikarsa don jin waƙoƙin da suka gabata zai razana a nan.

"Peace" ya fi kowanne tsawo da cika, kuma an yi shi bayan "Illinois", don haka hannun da ya tsara wancan kundin yana nan a fili: ƙahoni, goge, ƙananan ƙararrawa, ganguna, da amshi na mutane da yawa. "Get Behind Me, Santa!" ta ari kalaman "Ka koma bayana, Shaiɗan" da Yesu ya faɗa wa Bitrus a Matiyu 16:23 ta juya su kan Santa, dattijon almara mai raba wa yara kyautar Kirsimeti, tana sukar yadda saye da sayarwa ya mamaye bikin, da kiɗa mai sa rawa. "Star of Wonder" tana kai wajen minti bakwai a kan zagayen piyano guda da ke ta komawa. Amma zuciyar faifan ita ce "Sister Winter". Tana farawa da piyano da murya kaɗai, mutum yana ba abokansa haƙuri saboda baƙin cikin hunturu ya sa ya janye jikinsa daga gare su. Goge yana shigowa a hankali, sannan a kusa da ƙarshe ganguna da ƙahoni su buɗe gaba ɗaya lokacin da ya dawo yana yi musu barka da Kirsimeti. Idan mutum waƙa ɗaya kawai zai ji a akwatin nan, wannan ce.

Aibin kundin a bayyane yake. Akwai maimaici: "O Come O Come Emmanuel" ta zo sau uku, "Once in Royal David's City" da "Lo! How a Rose E'er Blooming" kowacce sau biyu. A faifai daban-daban da aka raba shekara bayan shekara wannan ba laifi ba ne, amma a jere yana gundura. Gajerun kiɗa marasa murya, irin su "Jingle Bells" da ba ta kai minti ɗaya ba, an yi su ne a matsayin gada tsakanin waƙoƙi. Idan aka sa manhajar sauraro ta gauraya jerin, sai su zama guntaye marasa ma'ana, kuma ƙarfin sauti ya riƙa hawa da sauka tsakanin naɗin 2001 da na 2006. Maganin shi ne a kashe gaurayawa, a ɗauki faifai ɗaya a zama, a fara da na biyar ko na uku, a koma na farko daga baya. Muryar Stevens kuma siririya ce mai kama da raɗa, sau da yawa an naɗe ta sau biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya don ta yi kauri. A cikin mota ko ɗaki mai surutu tana nutsewa, shi ya sa faifai uku na farko suka fi dacewa da abin sauraro na kunne ko ɗaki shiru. Don taron biki mai hayaniya, waƙoƙin da za su yi aiki ba su da yawa.

Akwatin asali na CD yana da abin da sauraro ta intanet ba ya bayarwa. Akwai ɗan littafi mai ɗauke da baitoci da alamomin kama jita, sitika, labaran da Stevens ya rubuta, da maƙala daga marubuci Rick Moody. Ga mai koyon jita ko mai shirya ƙaramar ƙungiyar mawaƙa, littafin nan kaɗai ya isa dalilin neman akwatin, domin yawancin tsofaffin waƙoƙin an sauƙaƙa su yadda mutum uku ko huɗu za su iya yi. An sake fitar da kundin a faifan garmaho a 2018, kuma wannan tsari ya dace da shi, tunda tashi a canza faifai yana tilasta hutun da waƙoƙin ke buƙata.

A 2012 Stevens ya fitar da ci gabansa, "Silver & Gold", faifai na shida zuwa na goma, mai waƙoƙi 58, abin da ya kai jimillar zuwa 100. Wancan ya fi yawan sautin na'ura da gwaje-gwaje masu wuyar shiga kunne. Sabon mai sauraro ya fara da akwatin 2006, kuma a cikinsa ya ba "Hark!", "Ding! Dong!" da "Peace" lokaci kafin sauran biyun.