Abin da taki ya yi wa bodin Hilux ɗina, da feshin da na ƙare a kai

Motata ba ta yawon gari ba ce. Da damina taki take kwasa daga Sabon Garin Zariya zuwa gonarmu ta wajen Giwa, da kaka ta dawo da masara, wani sa'in rake daga Maƙarfi, ko bulo idan ana gini. Duk cikin kayan nan babu mugu kamar taki. Buhun yuriya ya ɗan yage, ya zube a bodi, ya sha laima, ba a jimawa tsatsa za ta kama ƙarfe tana ci kamar gara.

Da kwandon roba baƙi motar ta zo, irin wanda ake zurawa a bodi a ɗaure da kusoshi. Shekara biyu ban ɗaga shi ba. Ranar da mai gyaran bodi ya cire, salati kawai na yi. Yashi da ruwa da taki sun shige ƙarƙashi, robar kuma tana ta guga a kan gargada har ta cinye fenti. Sai da aka yi walda wuri biyu.

Daga nan wani mai fenti a wajen Kwangila ya ce: "Alhaji, mu fesa baƙin nan na ƙarƙashin mota, ga araha." Na yarda. Abin yana da kwalta a ciki, a ƙarƙashin mota ba laifi, tunda ba rana ba kaya. Amma a bodi, zafin Afrilu na Zariya ya sa ya yi laushi, buhu yana mannewa, shebur yana kwasar sa. Ƙanena ya zauna a baya da farar shadda za mu ɗaurin aure Soba. Har yau bai daina yi mini gori ba.

Wanda na ƙare a kai shi ne Raptor, wani fentin feshi mai tauri na kare bodi, na kamfanin U-POL na Ingila. Kwalin yana zuwa da kwalabe 4 da ruwan daskararwa lita 1. Kashi uku na fenti, kashi ɗaya na ruwan, a girgiza minti biyu, a ɗaura kwalbar a bindigar feshi, a kunna kwamfuresa. Da zarar ka haɗa, kusan awa ɗaya gare ka kafin ya fara kauri, don haka kwalba ɗaya-ɗaya muka riƙa haɗawa. Feshin kansa bai kai rabin yini ba. Wahalar tana wajen shiri: kwana biyu muka yi muna kankare tsohuwar kwaltar nan, aka bi da samfefa mai kaushi, aka goge maiƙo, aka shafa fentin share fage (primer) duk inda ƙarfe ya fito tsirara. Lokacin hunturu ne, sai muka yayyafa ruwa a ƙasan gareji muka fesa da sassafe kafin iska ta taso da ƙura. Yaron da ya riƙe bindigar ya so ya ɗaure hanci da hankici, na hana, na sayo masa takunkumi mai matata, domin hayaƙin fenti mai haɗi biyu yana illata huhu.

Na bar motar mako guda ba lodi. Yanzu damina biyu ke nan. Fuskar fentin tana da kaushi, ga tauri, taki ya zube ka watsa ruwa ya tafi, kuma baƙinsa bai koɗe ba duk da a rana take kwana ta wuni. Sai dai ba katifa ba ne: ka jefa bulo da ƙarfi, ƙarfen ƙasa zai loɓa, kuma durƙuso a kai yana cin gwiwa.

Na ga wani feshin bodi mai suna Line-X a bodin Toyota Tundra ta wani abokina da ta zo daga Amurka da shi a jiki. Ya fi nawa kauri da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Amma shi da zafi ake fesa shi, da na'ura mai matsin gaske, ya bushe cikin daƙiƙu, aikin wakilan kamfanin ne, ba na mai kwamfuresa a bakin titi ba. Wani feshin kuma, Rhino Linings, an fi sanin sa da irin mai laushi kamar roba, wanda kaya ba sa zamewa a kai. Mai ɗaukar janareto ko firiji zai so shi, mai shebur da tsakuwa irina tauri ya fi masa.

Wuri ɗaya ne nawa ya ɗago, a leɓen ƙofar baya, inda muka yi wa samfefa sauri don an kira magariba. Na ajiye gwangwanin feshi ƙarami na Raptor ɗin, ina jiran a gama kwasar masara in kankare wurin in maimaita.