Sharhi a kan manhajar W3C mai tantance ingancin shafukan intanet

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 domin tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana da manhaja kyauta da ke duba rubutun HTML na shafi, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, da kuma 'yar'uwarta mai duba CSS, wato umarnin da ke sarrafa launi da girman haruffa da jeren abubuwa. Ana ba ta adireshin shafi, ko a ɗora mata fayil, ko a liƙa rubutun kai tsaye, sai ta fito da kurakurai tare da lambar layin da kowanne yake.

Abin da na fi yaba mata shi ne yadda take kama hoton da aka sa ba tare da bayani a rubuce ba, domin makaho mai amfani da manhajar karanta allo ya dogara ne da wannan bayani kafin ya san abin da hoton ya ƙunsa. Haka kuma tana gano alamar HTML da aka buɗe ba a rufe ba, wato an sa mai nuna farkon wani sashe na shafi an manta da mai nuna ƙarshensa, irin kuskuren da burauza kan ɓoye har sai ranar da aka sauya CSS, shafin ya hargitse, a rasa dalili. Shafin da aka tsabtace da ita ya fi sauƙin gyara ga wanda zai gaji aikin.

Rauninta shi ne kuskure guda yakan haifar da saƙonni masu yawa, don haka gara a fara gyara daga na sama a sake dubawa. Ba ta kuma iya faɗa wa mai zane ko launin da ya zaɓa yana karantuwa ga mai raunin gani.