Kwali, roba ko katako: wane akwati ya dace da ajiyar tsohuwar sifika?

Wanda ya mallaki sifikar Altec 604, da aka fara ƙerawa a 1944, ko Tannoy Dual Concentric ta 1947, ya san abin da ke hannunsa ba ya mayuwa. Ana iya sake wa sifika takarda, wato faifan da ke kaɗawa ya ba da sauti, da koyil, wato naɗin wayar da ke motsa ta, amma da zarar an sake, darajarta ta ragu, sau da yawa sautin ma ya canza. Kuma yawancin ɓarnar a ɗakin ajiya take faruwa, cikin shiru, ba wajen kiɗa ba.

Babban abokin gaba shi ne danshi. Takardar sifika tana shan laima ta yi laushi, idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari sai funfuna ta kama ta. Soson da ke kewaye da bakin takardar kuwa, wanda ya yawaita a sifikun shekarun 1970 da 1980, ruɓewa yake yi ko ana amfani da shi ko ba a yi, laima da zafi da hasken rana sai dai su gaggauta masa. Abin da ake nema shi ne danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50, a wurin da zafi ba ya hawa da sauka.

Kwali ya fi kowane arha, kuma idan kana da na asali wanda sifikar ta zo a ciki, kada ka yar, yana ƙara mata kuɗi. Sai dai yana zuƙar laima, yana kiran kyankyaso da gara da ɓera, kuma idan aka jibga masa nauyi lotsawa yake yi. Na wata shida a busasshen ɗaki, babu laifi. Na shekara goma, a'a.

Katako yana da ƙarfi, ya dace da manyan sifiku masu inci 15 da za a riƙa ɗagawa. Amma wasu itatuwan, musamman oak, da wasu filawud masu gam, suna fitar da tururi mai tsami da ke cin ƙarfe a rufaffen wuri. In shi ka zaɓa, bar shi ya sha iska tukuna.

Ni dai akwatin roba mai murfi da zoben toshe iska nake zaɓa. Juya gindinsa ka duba: idan ka ga PP ko lamba 5 cikin alamar kibiyoyi uku, shi ne. Guji PVC mai lamba 3, domin mai laushin cikinsa yana fitar da sinadarin da ke sa abubuwa danƙo. Haɗarin roba ɗaya ne, kuma babba: idan ka rufe sifika da laimarta, ka kulle ta ne da maƙiyinta. Saboda haka kada ka sayi akwatin ba tare da silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, da ƙaramin ma'aunin danshi ba. Nemi jel mai canza launi, mai ruwan lemo da ke komawa kore idan ya ƙoshi, ana gasa shi a obin a kan digiri kusan 120 na Salsiyas ya dawo aiki. Kada dai ka cika shi da yawa, bushewar da ta wuce kima tana sa takarda da gam su tsattsage.

Yadda za a kwantar da ita shi ne inda masu tara sifiku suka fi jayayya. Idan ta daɗe tana kallon sama ko ƙasa, nauyin takarda yana jan zanen da ke riƙe koyil har ya saki. Idan aka tsayar da ita kamar yadda take a akwatin kiɗa, koyil na iya zamewa gefe ya fara gogar ƙarfe. Na fi yarda da tsayarwa, a riƙa juya ta sama ya koma ƙasa sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan biyu ne iri ɗaya, haɗa su fuska da fuska da noti, da ɗan katako a tsakani don kada soso ya taɓa soso.

Maganaɗisun ma yana da nasa hali. Tsofaffin sifiku da yawa alniko gare su, haɗin alminiyam da nikel da kobalt, kafin rikicin lardin Shaba na Zayar a 1978 ya tsadantar da kobalt, kamfanoni irin su JBL suka koma ferayit, maganaɗisu mai kama da tangaran. Alniko yana iya rage ƙarfi idan ya bugu, ferayit kuwa fashewa yake yi ko ya goce daga mazauninsa. Don haka a shimfiɗa soso mai tauri a ƙasa, kuma kada a ajiye su kusa da inda ake goge ƙarfe, garin ƙarfe idan ya shiga ramin koyil fitar da shi aiki ne. Sifikun da ake ɗaura wa ƙaho kuwa, a toshe musu maƙogwaro, wato ramin da sauti ke fita.

Kafin ka rufe murfi, auna sifikar da mitar lantarki. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7. Taɓa mata batir mai bolt 1.5 ka ga takarda ta motsa ba tare da ƙarar goga ba, ka rubuta adadin da kwanan wata a jikin akwatin, sannan ka haɗa bakunan wayarta biyu da guntun waya don takardar ta rage kaɗawa idan ana ɗaukar ta.