Giyar Golf 3 Ta Gaji: A Buɗe A Gyara Ko A Ɗora 'Yar Beljiyam?

Idan giyar Golf 3 ta fara kuka ko tana tofar da lamba, hanya biyu ce a gaban mai mota: ko bakanike ya sauke ta ya buɗe ya sauya abin da ya ci, ko a shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ɗauko wata 'yar Beljiyam a ɗora. Yawancin direbobin haya hanya ta biyun suke bi, domin mota ta kwana biyu a gareji asara ce. Mun auna aikin biyu a kan giyar da ta fi yawa a cikin waɗannan motoci, wato 020, wadda ke jikin Golf 3 mai inji 1.8 da mai 2.0 bawul takwas. Masu injin dizal na TDI da injin VR6 mai silinda shida wata giya ce da su daban, 02A, maganarsu ba ta shigo nan ba.

Abu na farko da mai saye ke mantawa: daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka ƙera Golf 3. Duk giyar da ka gani a kasuwa an wanke ta da fetur tana ƙyalli, sa'ar taka ce, ta haura shekara 25. Ba sabuwa kake saye ba, tsohuwa ce wadda ba ka san tarihinta ba.

Kafin a sauke komai

Giya da dama an sauke su a banza. Sandar giyar wannan mota da sandunan ƙarfe take aiki, masu bushin na roba da 'yan ƙwallaye a gaɓoɓinsu. Idan suka cinye, sandar sai ta riƙa lilo, lamba ɗaya da ribas su riƙa ɓacewa, direba ya rantse giya ta mutu, alhali kayan gyaran ba su cika tafin hannu ba. Haka wayar kuloci: idan ba ta sakin faifai gaba ɗaya, kowace lamba za ta yi gurnani, musamman ribas. Gurnani a lamba guda kaɗai, wannan daga ciki ne. Gurnani a dukkansu, a fara da kuloci.

Sai a juye man giyar a kwano mai tsabta, a fita da shi rana. Makullin alan mai lamba 17 ke kwance notin. Ƙyalli ruwan zinare a cikin man, zoben tagulla da ke daidaita shigar lamba ne ke cinyewa, wannan abin gyara ne. Garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, tsufa ne, ba abin tashin hankali ba. Amma idan ka murza man a yatsa ka ji gutsattsari kamar tsakuwar shinkafa, haƙori ko boris ya farfashe. A kuma auna yawan man da ya fito. Kusan lita 2 giyar ke ci. Idan rabin lita ya fito, ka riga ka san inda ciwon yake.

Abin da ke kashe 020

Lamba biyar ce kan fara tafiya. Tana zaune can ƙarshen giyar a cikin ɗan gidanta, ita ce ke fara rasa mai idan sil ɗin shaf, wato robar da ke tare mai, yana ɗiga. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina kuwa kusan wuni take a lamba biyar. Alamarta kuka siriri da ke tashi a biyar kaɗai, daga baya ta riƙa fita da kanta da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Daɗin abin, ana iya cire gidan lamba biyar ba tare da an sauke giyar daga mota ba, ta gefen tayar hagu. Duk wanda ya ce ka sayi wata giya saboda wannan kaɗai, bai yi maka adalci ba.

Na biyu zoben tagulla na lamba biyu, wanda ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Ya cinye, sai ka ji ƙarar "kirrr" duk lokacin da aka sauko daga uku zuwa biyu. Akwai ma'auninsa: a ɗora zoben a kan giyarsa, a danna, a zura fila gej, wato siririn ƙarfen auna tazara, a tazarar da ke tsakani. Ta sauko zuwa milimita 0.5, zoben ya gama aiki. Man da ba daidai ba yana gaggauta wannan. Mai nau'in 75W-90 GL-4 wannan giya take so. Mai kauri irin 140 da ake ɗura wa manyan motoci yana hana lamba shiga da sanyin safiya, wasu nau'o'in GL-5 kuma ba sa shiri da tagulla.

Ribas ba shi da zobe ko kaɗan. Direban da ke cusa shi mota ba ta gama tsayawa ba, shi ke karya bakin haƙoran ƙaramar giyar ribas.

Akwai kuma ɗan abin da ya bambanta wannan giya da sauran. Sandar da ke tura kuloci ta cikin tsakiyar shaf take bi, boris ɗin kulocin kuma yana can ɗaya ƙarshen, ƙarƙashin wani murfi kore. A bakin shaf ɗin akwai ɗan sil da bushin. Idan sil ɗin ya saki, man giya ya bi sandar ya jiƙa faifan kuloci, mota ta riƙa santsi a hawa. Abu ne mai araha ƙwarai, amma sai giya ta sauka ake kai masa, don haka duk wanda ya sauke giya bai sauya shi ba ya yi rabin aiki.

Babban mai kisa shi ne ribit. Babbar giyar difaranshal, wato sashen da ke raba juyi ga tayoyin gaba biyu, da ƙusoshin ribit aka manne ta, ba da noti ba. Lodi mai nauyi, fizgar mota da ƙarfi, da juya taya ɗaya a yashi suna gajiyar da su har kansu ya gutsure. Guntun da ya faɗo sai haƙora su ɗauke shi su maka a bangon kwanson, ya huda shi, mai ya tsiyaye a hanya. Sau da yawa ba ya ba da sanarwa.

Aikin buɗewa: inda ake dacewa, inda ake faɗuwa

Gyara na gaskiya ya ƙunshi boris na shaf biyu da na difaranshal, zobba, dukkan sil da gasket, da maye gurbin ribit da noti masu ƙarfi da aka yi don wannan aiki. Idan an yi haka, abin da ka samu ya fi duk wata giya da ke jibge a kasuwa, domin ka san abin da ke cikinta.

Matsalar tana hannun mai aikin. Boris ɗin difaranshal da na shaf ɗin fita masu siffar mazubi ne, da siraran zobban ƙarfe da ake kira wasa ake saita matsinsu. Ya yi sako-sako, haƙora ba za su zauna daidai ba, giya ta riƙa kuka. Ya matsu da yawa, boris ya yi zafi ya ƙone cikin 'yan watanni. Wannan saiti da agogon awo ake yinsa, ba da jin hannu ba. Gareji da yawa guduma da kurfi kawai gare su, su fitar da boris da duka, su mayar da tsohuwar wasa, su shafe bakin kwanso da gam har ya tsattsafo ciki ya toshe hanyar mai. Irin wannan aiki ne ya sa mutane ke cewa giyar da aka buɗe ba ta ƙara yin lafiya. Ba laifin buɗewar ba ne.

Tambayoyi uku sun isa ka gane wanda ya iya: yana da injin matsa boris? Da me yake auna wasa? Zai nuna maka kayan da ya cire? In ya fara kame-kame, ɗauki giyarka ka yi gaba. Sai kuma ingancin kaya. Boris na jabu a kwali mai sunan SKF ko FAG sun cika kasuwa, zoben tagulla mai arha kuma ba ya kai damina biyu.

'Yar Beljiyam

Fa'idarta sauri. A sayo da safe, la'asar mota tana kan titi. Kuma idan kwanso ya huje, ko haƙoran shaf ɗin fita da babbar giya sun karye, babu wata shawara, ita ce mafita. Walda a kan alminiyon kusa da mazaunin boris tana karkatar da shi.

Sai dai ba kowace 020 ke shiga kowace mota ba. A ƙasan kwanson, inda ya haɗu da inji, an buga haruffa uku, irin su CHE ko DFQ na masu inji 2.0. A gwada da na tsohuwar. Haruffan su ke nuna girman haƙora. Ka ɗora 020 ta motar dizal a motar fetur, motar tana iya yin nauyi idan an yi lodi. A ƙirga tsagin shaf, akwai mai 24 akwai mai 28, faifan kulocin ɗaya ba ya shiga ɗaya. A auna fuskar da dirabin shaf ke ɗaurewa, akwai milimita 90 akwai 100.

A gaban mai shago, a juya shaf da hannu a kowace lamba, a saurari gurzo. A girgiza fuskokin shaf ɗin biyu, kada su yi lilo. A duba cikin kwanson ta wajen difaranshal ko akwai tabon walda ko gam da aka shafe da fenti. Garantin 'yan kwanaki da ake bayarwa ba ya kama ciwon ribit, ba ya biyan kuɗin saukewa da ɗorawa karo na biyu, don haka a yi maganar wannan tun kafin kuɗi su bar aljihu.

Hukuncinmu: ciwon lamba biyar, zobe, boris ko sil, in akwai bakanike mai awo, gyara ya fi. Kwanso ya fashe ko ba a samu mai awon ba, a ɗauki 'yar Beljiyam, amma kada a ɗora ta yadda ta zo. Tun tana ƙasa a sauya sil ɗin fuskokin shaf biyu da na sandar kuloci, a duba faifai, a zuba sabon mai lita 2 ta ramin wayar maleji. Tsohuwar kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan. Lamba biyar da ribas ɗinta za su yi rana.