Farin fenti mai korar zafin rana a kan akwatin inbata da batura: yana aiki, amma a san iyakarsa

Fentin da nake magana a kansa fari ne, irin wanda ake tsinkawa da ruwa, kuma ana sayar da shi da alkawarin sanyaya rufin kwano da tankuna da akwatunan ƙarfe da ke yini a rana. Na shafa shi ne a jikin wani akwati mai launin toka mai duhu, wanda ke ɗauke da inbata da baturan sola, a wurin da babu ko ɗigon inuwa daga hantsi har la'asar. Hukuncina shi ne yana rage zafi sosai kuma ya cancanci saye, sai dai ba don dalilin da kamfanin ya rubuta da manyan haruffa a jikin gwangwanin ba.

Idan gari ya yi garau da tsakar rana, kowace murabba'in mita da ke fuskantar rana tana karɓar kimanin wat 1,000. Baƙin fenti na yau da kullum yana shanye kusan kashi 95 cikin ɗari na wannan ƙarfi, fari mai kyau kuwa yana mayar da kimanin kashi 80 ya shanye 20. Ke nan a saman akwati mai faɗin murabba'in mita ɗaya, tazarar da ke tsakanin launukan biyu ta kai wat 750, alhali inbata mai ƙarfin kilowat 5 da ke asarar kashi 5 cikin ɗari a matsayin zafi, wat 250 kacal take fitarwa idan tana cikakken aiki. Gaskiya ne cewa ba duk zafin da ƙarfen ya sha ne ke shiga ciki ba, domin iska tana kwashe mai yawa, amma lissafin ya isa ya nuna cewa a akwati mai duhu rana tana iya fin na'urar da ke ciki kawo zafi.

Kafin shafin, da azahar mutum ba ya iya ajiye tafin hannu a murfin akwatin sai ya janye nan take, fankar inbatar kuma ba ta hutawa. Bayan shafi biyu, murfin ya koma ɗumi-ɗumin da hannu ke iya jurewa, fankar ta fara yin shiru a lokutan da a da take ta ruri. Wannan ba ƙaramar riba ba ce ga mai batura irin na darma, waɗanda ake auna tsawon rayuwarsu a kan digiri 25 na ma'aunin Celsius, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 na dindindin a kan haka yana rage rayuwar da kusan rabi. Kafasitocin da ke cikin inbata, wato sassan da ke riƙe caji na ɗan lokaci, su ma kusan wannan ƙa'ida suke bi.

Inda na saɓa da kamfanin shi ne iƙirarin cewa ƙananan ƙwayoyin tangaran da aka zuba a cikin fentin suna zama katangar da ke hana zafi ratsawa. Shafin da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ko da me aka haɗa shi, ba zai tare zafi ta wannan hanya a wani mataki da za a lura da shi ba. Abin da ke aikin shi ne farin kansa, wato sinadarin taitaniyam dayoksaid da ke cikin kusan kowane farin fenti. A 2021 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun sanar da wani fari da suka haɗa da bariyam salfet, mai mayar da kashi 98.1 cikin ɗari na hasken rana, alhali fararen fentin kasuwa da aka yi don korar zafi suna tsakanin kashi 80 da 90. Babban tsallen yana tsakanin duhu da fari ne. Abin da ke tsakanin farin da na saya da wani farin mai inganci ɗan kaɗan ne, kuma mai saye ya kamata ya san haka kafin ya biya ƙari saboda kalmar tangaran.

Ido kansa ba alƙali ne mai adalci ba a nan, domin kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne a hasken infared wanda ido ba ya gani. Baƙin kabon da ake ɗiga wa fari don a samu launin toka yana shanye wanda ake gani da wanda ba a gani gaba ɗaya, saboda haka wanda ya sayi wannan fenti ya sa aka rina masa shi don kada ya riƙa nuna datti, ya zubar da wani ɓangare na abin da ya saya. Akwai launuka masu duhu da ake yi da sinadaran da ke mayar da infared, kuma sun fi takwarorinsu na gargajiya nesa ba kusa ba, amma ba sa kamo fari. Tokar nan mai haske mai lambar launi RAL 7035 da yawancin akwatunan lantarki ke zuwa da ita tana tsaka-tsaki ne. Sai kuma ƙarfe mai ƙyalli da ba a shafa masa komai ba, wanda mutane da dama ke ɗauka shi ne mafi sanyi: yana mayar da haske, amma ɗan abin da ya sha ba ya saurin fitarwa, domin gogaggen alminiyum bai kai kashi 10 cikin ɗari ba a ma'aunin fitar da zafi, fenti kuwa kowane launi ne yana kusa da 90. Ma'aunin da ake kira SRI ya haɗa waɗannan halaye biyu, wato mayar da haske da fitar da zafi, inda daidaitaccen baƙi yake 0, daidaitaccen fari 100. Gwangwanin da na saya bai kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba, kuma wannan ne babban aibin da na gani, tunda da su ne kaɗai za a iya gwada shi da wani.

Shafawa ba ta da wahala da rola, muddin an wanke jikin, an goge tsohon fentin da samfefa, an kuma yi shafin farko mai kama ƙarfe a inda tsatsa ta taɓa ko inda ƙarfen yake tsirara. A kiyaye robar bakin ƙofa da kafofin iska da wurin ɗaura wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Idan ya bushe fuskarsa tana da ɗan kaushi, kuma kaushin yana riƙe ƙura, har idan aka ja yatsa a saman murfin bayan 'yan makonni sai a ga farin layi ya bayyana a tsakiyar ja-ja. Ƙurar tana cin hasken, shi ya sa ƙungiyar Cool Roof Rating Council ta Amurka, mai auna kayan rufin gini, take wallafa alƙaluman fenti na bayan shekara uku a waje tare da na sabo. Wankewa da ruwa da soso mai laushi tana dawo da mafi yawan hasken fentin.

Fentin ba ya taɓa zafin da na'urar ke haifarwa da kanta. Akwati mai lambar IP65 da aka toshe wa ƙura da ruwa ya toshe wa zafin ciki hanya shi ma, kuma idan kayan da ke ciki sun yi masa yawa, sai fanka ko na'urar sanyaya iska. Wanda akwatinsa ya riga ya zo fari ko toka mai haske, gara ya kafa masa rumfa ko ƙarin faranti a sama da gefen yamma, da tazarar da iska za ta bi. Wanda nasa baƙi ne, ko kore mai duhu, ko ƙarfe tsirara, shi ne wannan fenti zai fi yi wa amfani, kuma ya fara da murfin sama.