Kyamarar ɗaki a bakin taga: abin da na gani a wata uku

Tun da aka yi awon gaba da janaretan maƙwabcina na ce sai na sa ido a harabar gidanmu. Gidan haya ne a Agege, mai gidan kuma ya ce kada wanda ya huda masa bango. Sai na shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta a Ikeja, na sayo 'yar kyamara irin ta cikin ɗaki, na ɗora ta a bakin tagar falo tana kallon get.

Da rana kam ba ni da ta cewa. Ina shago a Mile 12 zan buɗe waya in ga mai ruwa ya turo kurarsa, in ga yara sun dawo daga Islamiyya, har launin hijabin autata nake ganewa.

Dare ne ya tona mata asiri. Daren farko ban ga komai ba sai wani farin haske, kamar an dalle ni da tocila. Na ɗauka jabu aka sayar mini, har na nemo rasit. Ƙanina mai gyaran waya ya duba ya yi dariya.

"Yaya, lafiyarta ƙalau. Haskenta ne gilashi ke dawo mata da shi."

Ashe akwai ƙananan fitilun infrared kewaye da idonta, masu hasken da idon mutum ba ya gani, da su take gani a duhu. In sun bugi gilashi sai su dawo mata, ta makance. Ya shiga manhajar ya kashe ganin dare da 'yar fitilar gabanta, ya manna idonta jikin gilashi, ya saki labule a bayanta don kada hoton falo ya fito. Muka yi ta juya ta kafin mu kauce wa ƙarfen taga. To amma yanzu in waje duhu ne, duhu take gani. Sai da na rataya fitila mai sola a baranda sannan fuskar mai shigowa ta soma fitowa.

Duk mai niyyar saye ya kamata ya tambayi yadda kyamarar take gane motsi. Masu aiki da ɗumin jiki, galibi masu batir, gilashi na tare su. Tawa canjin hoto take bi, shi ya sa take aiki, shi ya sa kuma take damuna da saƙo a waya: fitilar Keke Napep ta gifta, saƙo, ruwan Legas ya bugi taga, saƙo. Na rage mata ƙarfin ji, na samu barci.

Wutar volt 5 take ci ta USB, don haka fawa banki na riƙe ta in an ɗauke wuta. Intanet ɗinta kuwa sai Wi-Fi mai 2.4GHz, kuma in ya yanke tana ci gaba da naɗa a memori.

Ga ɗan haya irina, ta biya kuɗinta. Ran da Allah ya ba ni gidan kaina, ta waje zan kafa, wannan ta koma gadin firji.