Turnabis na hannu ko injin batir: wanne za a saya don haɗa armuwar ta kwali?

Wata Hajiya daga Garwa ta yi tambaya. An kawo mata armuwar, wato kabad ɗin ajiye tufafi, mai ƙofa uku daga Duwala, alluna a kwance cikin kwalaye, da ledar sukurori da ɗan kile, wato ƙarfen juya sukuru mai kusurwa shida. Tana son sanin ko ta sayi injin ɗaure sukuru mai batir, ko turnabis na hannu ya isa.

Hajiya, kafin maganar kayan aiki sai a dubi allon da kansa. Wannan ba katakon iroko ba ne da kafinta ke yankowa. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, kaurinsa yawanci milimita 15 zuwa 18. Sukuru yana kama shi da kyau in an tsaya inda ya kamata. Da an zarce, zaren zai niƙe ramin, sukurun ya riƙa juyawa ba ya kama komai. Shi ya sa muke cewa turnabis dole ne, inji kuwa taimako ne.

Amma ba kowane turnabis mai bakin gicciye ba. Akwai PH2, akwai PZ2, kuma a ido kamar ɗaya suke. Ki dubi kan sukurun: in bayan gicciyen akwai wasu siraran layuka huɗu a tsakani, PZ ne, kuma shi ya fi yawa a kayan da aka ƙera bisa tsarin Turai, musamman a hinjin ƙofa. In aka sa masa PH2, bakin yana zamewa yana cin kan sukurun. Da hannu mutum zai ji zamewar farko ya dakata. Inji kuwa kafin ki ɗaga yatsa ya riga ya share gicciyen, sai fitar da sukurun ya zama wani aikin daban.

Inda hannu ya fi inji nesa ba kusa ba shi ne zagayayyen ƙarfen nan mai faɗin milimita 15 da ake sawa a rami, ya kama kan wata ƙusa mai zare da ke ɗaya allon. Kibiyar da ke jikinsa ta fuskanci inda ƙusar za ta shigo, sannan a juya shi dama kamar rabin zagaye, shi ke nan. Ƙarfensa ba shi da ƙwari, inji yana fasa shi nan take. Ita ma ƙusar, a ɗaura ta da hannu har kafaɗarta ta zauna a kan allo. In ta nutse fiye da haka ƙarfen ba zai kamo ta ba, in ta yi sama kuma za a ga rata tsakanin allunan. Hinji da layin da durowa ke gudu a kai, su ma aikin hannu ne, domin sukurorinsu gajeru ne, abin da suke kamawa kaɗan ne.

Inji yana da ranarsa a dogayen sukurori masu kauri, irin masu kaurin milimita 7 da tsawon milimita 50, waɗanda ake juyawa da kile na milimita 4. Armuwar babba tana da su da yawa, kuma ɗan kilen da ke cikin leda yana cin tafin hannu, bakinsa ma yana saurin lalacewa. In za a yi da inji, na volt 12 ya wadatar. A sa shi a giya ta 1, zoben lambobin da ke bayan bakinsa a mayar da shi ƙasa, wajen 3 zuwa 5, kada a bar shi a alamar huda. A tsaya saura zagaye ɗaya ko biyu, a ƙarasa da hannu. Wanda bai son kashe kuɗi a inji, kile mai mariƙi irin harafin T na milimita 4 yana rage wahalar sosai, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Mai inji kuma ya kula da zafinmu na Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Injamena ke haura digiri 40: batir ba ya son caji a rana ko zama cikin mota a rufe.

Wuri ɗaya ne hannu ba zai iya ba, wato ɗaure armuwar a bango, kuma gidan da ke da yara masu jan durowa suna hawa, wannan ba abin wasa ba ne. Bangon bulo na siminti yana buƙatar injin huda mai bugu, da bakin siminti na milimita 6 ko 8, da robar da ake cusawa a ramin. Ƙaramin injin ɗaure sukuru ba zai yi ba. Ramuka biyu ne kawai, don haka aro ko kiran mai aiki ya fi saye.

Saboda haka, Hajiya, in armuwar ɗaya ce: PZ2 da PH2 masu kyau, kilen T, gudumar roba don shigar da turakun katako na milimita 8, ƙaramar guduma, da metir na awo. Mai sana'ar haɗa wa amare kayan ɗaki shi ne inji zai biya wa kuɗinsa.

Metir ɗin kada a raina shi. Kafin a buga siririn allon baya, armuwar tana kwance rub da ciki a kan kwalinta, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, lambobin su zo daidai, sannan a buga ƙananan ƙusoshin tazarar santimita 10 zuwa 15. In aka buga a karkace, ƙofofi ba za su haɗu ba ko an kwana ana juya sukurun hinji. Mutum biyu ne za su tayar da ita tsaye.

Ramin da ya riga ya niƙe kuma, a cusa masa tsinken ashana da farin gam na katako, a bar shi ya kwana, sannan a mayar da sukurun da hannu. Amma turakun katakon kada a sa musu gam in gidan haya ne, domin ranar tashi allon ne zai ɓalle maimakon ya kwance.